Sarkin Yawa A Bakin Kotu

Duk ranar da wata babbar shari'a ta taso a Kano, kotu biyu ne suke zama a kanta. Akwai wadda gwamnati ta gina, mai alƙali da rajistara da lauyoyi cikin baƙaƙen riguna. Akwai kuma wadda ba ta da gini. Ita wannan tana zama a teburin mai shayi, da cikin A Daidaita Sahu, da bakin ƙofar masana'antun Sharaɗa lokacin da leburori ke jiran canjin aiki, yanzu kuma ta samu ƙaton zaure a Facebook da TikTok. Ba ta ɗage zama, ba ta rantsar da mai shaida, kuma kafin a gama karanta wa wanda ake tuhuma laifinsa a waccan ta farko, ita har ta yanke hukunci an shafa an watse.

Tambayar da nake so mu tattauna a wannan wata ita ce: shin har ina ya kamata kotun farko ta saurari ta biyu? Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. To, ya fi alƙali ma? Kuma tunda mutane da dama sun yanke ƙauna da yadda ake naɗa alƙalai a ƙasar nan, har ana jin masu cewa a bar talakawa su riƙa zaɓensu da ƙuri'a kamar yadda ake yi a wasu jihohin Amurka, anya hakan zai kawo mana adalcin da muke nema?

Mu fara daga Bompai. Wanda bai san unguwar sosai ba zai ɗauka masana'antu ne kawai a cikinta da hedikwatar 'yan sanda. Amma a nan Titin Miller akwai ginin Babbar Kotun Jiha, kuma a nan ne kotun sauraron ƙarar zaɓen gwamnan Kano ta yi zamanta a 2023. Ranar Laraba 20 ga Satumba na shekarar, lauyoyi da 'yan jarida suka hallara don jin hukunci, sai suka tarar da kujerun alƙalai babu kowa. Alƙalan uku, ƙarƙashin Mai Shari'a Oluyemi Akintan-Osadebay, daga wani wuri daban suka karanto hukuncinsu ta Zoom. Suka soke ƙuri'u 165,663 daga cikin na Abba Kabir Yusuf, wanda ya yi takara a NNPP, suka ce Nasiru Yusuf Gawuna na APC ne ya ci zaɓe. A daren nan aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kano.

Kwanaki kaɗan kafin wannan rana, an ga wani kwamishina a gwamnatin jihar cikin wani faifan bidiyo yana yi wa alƙalan barazana da rayukansu, abin da ya sa gwamna ya sallame shi daga aiki. Shari'ar ta ci gaba. Ranar 17 ga Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin farko, sai kuma aka samu saɓani tsakanin abin da aka karanta a zaure da wani sashe na rubutaccen kwafin hukuncin, kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Ranar 12 ga Janairu, 2024, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin kotunan biyu, ta tabbatar wa Abba kujerarsa.

Ba siyasar ce ta dame ni a nan ba. Abin lura shi ne yadda kowane ɓangare ya fassara abin da ya faru. Da hukunci ya juya wa masu jar hula baya, suka ce an sayi alƙalai. Da ya juya wa ɗaya ɓangaren baya a Abuja, su ma wasunsu suka ce ai tsoron kada Kano ta kama da wuta ne ya sa. Mutum nawa ne a cikinmu suka nemi hujjojin da alƙalan suka rubuta, a kan takardar ƙuri'ar da ba ta da hatimi ko sa hannu, suka auna su? Kowa sakamako kawai ya duba. Idan ya yi masa daɗi alƙali jarumi ne, idan bai yi ba ɓarawo ne. Wannan ita ce cutar farko ta kotun bakin titi: ba ta da ma'aunin gane hukunci mai kyau sai dai ko ya dace da abin da zuciya ke so.

Amma fa kada a ɗauka ina cewa muryar jama'a ba ta da amfani a harkar shari'a. Tana da shi ƙwarai. Ku tuna da Hanifa Abubakar, yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Disamba 2021, aka gano gawarta a Janairu 2022. Kano ta girgiza, ƙasa ta girgiza. Ranar 28 ga Yuli, 2022, Mai Shari'a Usman Na'abba ya yanke wa mai makarantarsu, Abdulmalik Tanko, da wani abokin aikata laifinsa hukuncin kisa. Wata shida ke nan kacal. A ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yari jiran shari'a suke yi, wasu shekara da shekaru, kowa ya san idon jama'a ne ya hana fayil ɗin nan kwanciya a cikin durowa.

Haka abin da ya faru a Challawa a watan Yuni 2020. 'Yan sanda suka shiga wata masana'antar casar shinkafa da takardar izinin kotu, suka fito da ma'aikata 126, waɗanda suka ce an hana su fita tun ƙarshen Maris da sunan kariya daga cutar korona. Ma'aikatan ma sun ce yawansu ya fi haka nesa. Me ya buɗe ƙofar? Wani daga ciki ne ya samu ya sanar da masu kare haƙƙin ɗan Adam, magana ta fita, kafafen labarai suka ɗauka. Da an yi shiru, lebura mai karɓar albashin da bai kai ya kawo ba, wa zai kai shi gaban alƙali?

Masu kallon finafinan Indiya sun san irin wannan labari. A 1999 aka harbe Jessica Lal a wani wurin liyafa a Delhi, a gaban mutane da yawa. Wanda ake tuhuma, Manu Sharma, ɗan wani babban ɗan siyasa ne. Shaidu suka riƙa janye maganarsu ɗaya bayan ɗaya, a Fabrairu 2006 kotu ta sallame shi. Jama'a suka fito da kyandir a hannu, jaridu da gidajen talbijin suka tsaya kai da fata, Babbar Kotun Delhi ta gaggauta sauraron ɗaukaka ƙara, a Disamba na shekarar ta ɗaure shi rai da rai. Labarin ne aka mayar fim a 2011, No One Killed Jessica, wanda Rani Mukerji da Vidya Balan suka fito a ciki.

Sai dai Indiyar nan tana da wani labarin da ya juya wa wannan baya. A 1959 wani hafsan sojan ruwa, Kwamanda Nanavati, ya harbe mutumin da ke neman matarsa a Bombay. A lokacin ana amfani da tsarin da ake zaɓo wasu mutanen gari su zauna su ce mutum ya yi laifi ko bai yi ba. Jaridar Blitz ta mayar da shi gwarzo mai kare mutuncin gidansa, gari ya bi shi, mutanen nan takwas cikin tara suka ce ba shi da laifi. Alƙalin da ke zaune ya ƙi yarda, ya tura maganar Babbar Kotu, ita kuwa ta duba hujja ta ɗaure shi. Fim ɗin Rustom na Akshay Kumar, na 2016, daga nan aka samo shi. Ka ga ke nan murya ɗaya ce, ta jama'a. A Delhi ta taimaka aka kamo mai laifin da ya kusa sulalewa, a Bombay ta kusa kuɓutar da wanda ya yi kisa saboda ana ƙaunarsa. Ita hayaniya ba ta san gaskiya ba, abin da ta sani shi ne wanda take so da wanda take ƙi. Wani lokaci son nata ya faɗa kan gaskiya, wani lokaci ya kauce.

Mu 'yan fim da marubuta, da ku masu kallo da karatu, bai kamata a ba mu labarin wannan ba. A 2007, bayan ɓullar wani faifan bidiyo da ya tayar da ƙura, gari ya juya wa masana'antar fim baya gaba ɗaya. Aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida a Kano. A shekarar ne kuma aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Kotun tafi-da-gidanka ta Hukumar Tace Finafinai ta shiga aiki ba kama hannun yaro. Aka ɗaure Adam A. Zango a 2007 a kan faifan waƙoƙinsa, Bahaushiya. Aka ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro a 2008. Ranar 30 ga Disamba, 2008, aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama hukuncin ɗauri da tara a kan zargin da ya shafi rajistar kamfaninsa da fim ɗinsa Tsintsiya. Sai a Maris 2009, bayan ya shafe kusan wata uku a kurkuku, Babbar Kotu ta soke hukuncin saboda ba a bi ƙa'ida ba wajen shari'ar, ta ce a sake ta.

Ba wanda ya shiga zuciyar wani alƙali balle ya ce ga abin da ya sa ya yi kaza. Amma kowa ya san iskar da ke kaɗawa a Kano a shekarun nan. Da za a jefa ƙuri'a a wancan lokaci a kan ko a ɗaure 'yan fim ko a sake su, wallahi da ba a ƙirga ba ma an san sakamako. Abin da ya ceci Iyan-Tama kotu ce da ta yarda ta duba takarda, ta tambaya ko an bi doka, ba tare da ta leƙa taga ta ga me gari ke cewa ba. Wanda ya taɓa zama abin ƙin jama'a shi ya fi kowa sanin darajar alƙalin da ba ya jin tsoron jama'a.

To, yanzu mu zo kan batun zaɓe. A Nijeriya ba a zaɓen alƙalai. Alƙalin Babbar Kotun Jiha gwamna ne ke naɗa shi bisa shawarar Majalisar Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wato NJC. Majistare da alƙalan kotunan Musulunci kuwa hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha ce ke ɗaukarsu. Ƙorafin da ake yi a kan wannan tsari sananne ne, kuma ba na banza ba ne: ana cewa sai ɗan wane, sai matar wane, sai wanda ya san wani. Daga nan ne wasu ke cewa, tunda mu ake yi wa shari'ar, a bar mu mu zaɓi mai yin ta. In ya ci amana, mu kayar da shi a zaɓe na gaba. Magana ce mai daɗin ji. Amma akwai waɗanda suka riga mu gwadawa, sai mu duba abin da suka girba.

A Amurka alƙalan tarayya naɗa su ake yi, amma jihohi 39 cikin 50 suna sa aƙalla wasu daga cikin alƙalansu a gaban masu jefa ƙuri'a, ko dai takara sosai, ko kuma a tambayi jama'a a bar wane a kujera ko a sauke shi. A 2004 wasu masana biyu, Gregory Huber da Sanford Gordon, suka fitar da binciken da suka yi a kan shari'o'in manyan laifuka sama da 22,000 a jihar Pennsylvania. Abin da suka gano shi ne, duk lokacin da zaɓen alƙali ya matso, hukuncinsa sai ya ƙara tsanani. Laifi iri ɗaya, doka ɗaya, alƙali ɗaya, amma wanda tsautsayi ya kawo shi gab da zaɓe ya fi daɗewa a gidan yari. Dalilin a fili yake. Ba a kayar da alƙali don ya tsananta wa ɓarawo, amma idan ya sassauta wa mutum ɗaya, mutumin ya fita ya sake ɓarna, hotonsa ne abokin takara zai riƙa nunawa a talbijin dare da rana. Ka yi tunanin kai ne a tsaye, an ƙara maka shekara guda ba don laifinka ya ƙaru ba, sai don kujerar wani tana rawa.

A jihar California, a 1986, masu zaɓe suka sauke Babbar Mai Shari'a Rose Bird tare da abokan aikinta biyu, bayan an yi mata kamfe a kan cewa duk hukuncin kisan da ya zo gabanta, sama da 60, ta nemi a soke shi. Ko tana da gaskiya ko ba ta da ita, wannan wata magana ce. Amma saƙon ya isa ga duk alƙalin da ya zo bayanta. Wani tsohon alƙalin kotun, Otto Kaus, ya taɓa kwatanta lamarin da mutumin da ke aski a banɗaki alhali ga kada kwance a bahon wanka: ko ya ce ba zai kula shi ba, hankalinsa na can.

Wannan tsoron jama'a ke nan. Akwai kuma abin da ya fi shi, wato kuɗin kamfe. A jihar West Virginia, a 2002, kotu ta ci kamfanin haƙar kwal na Massey tarar dala miliyan 50. Kafin ɗaukaka ƙarar ta iso kotun ƙolin jihar, sai zaɓen alƙalai na 2004 ya zo. Shugaban kamfanin, Don Blankenship, ya kashe kusan dala miliyan 3 don ganin wani lauya mai suna Brent Benjamin ya hau kujera. Ya kuwa hau. Da ƙarar ta zo, aka nemi ya janye daga sauraronta, ya ƙi. Alƙalai uku, har da shi, suka rinjayi biyu, aka soke tarar. Sai a 2009 Kotun Ƙolin Amurka, ita ma da rinjayen biyar a kan huɗu, ta ce ai dole ne ya janye. Masu karatun littattafan Turanci za su tuna da The Appeal na John Grisham, wanda ya fito a 2008, labarin kamfanin da ya gurɓata ruwan shan wani gari, da aka ci shi tara sai ya ga sayen kujerar alƙali ya fi biyan diyya arha. Abin bai tsaya ba. A 2025 takarar kujera ɗaya tak ta kotun ƙolin jihar Wisconsin ta lashe kusan dala miliyan 100. A shekarar ce kuma Meziko ta fara zaɓen alƙalanta da ƙuri'a, har da na Kotun Ƙoli, amma kusan mutum 13 cikin 100 na masu rajista ne suka fito. Idan mutum 87 suka zauna a gida, to wa ya zaɓi alƙalin? Wanda ke da motocin kwaso sauran 13 ɗin.

Yanzu ɗauko wannan tsari ka dire shi a Kano. Kowa ya san masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa, ya san launi da warin ruwan da ke fitowa daga wasunsu yana gangarawa kogin Challawa. Kowa ya san dagwalon Bompai da ke bin rafin Getsi ya haɗe da Jakara, inda manoman rani ke ban ruwan latas da kabeji da muke saye a kasuwa. Mu ƙaddara wata rana mutanen wani ƙauye sun haɗa kai sun kai wata masana'anta ƙara a kan ruwan nan. Mu ƙaddara kuma alƙalin da zai saurare su zaɓaɓɓe ne, wanda ya buga fosta, ya sayi fili a rediyo, ya ɗauki mawaƙa, ya raba atamfa da taliya. Da kuɗin wa? Manomin da ruwa ya ƙone wa gona ba shi da abin ba shi. Mai masana'anta yana da shi. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. A yau idan alƙali ya karɓi kuɗin mai ƙara, sunan abin cin hanci, kuma in an kama shi zai rasa aikinsa. A ƙarƙashin zaɓe sunansa gudummawar kamfe, har rasit ake bayarwa. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan.

Juya misalin kuma ta ɗaya gefen. Yawancin manyan masana'antun unguwannin nan uku akwai hannun baƙi a ciki, Kwarori da Indiyawa da 'yan China. Mu ƙaddara an zargi wani manaja baƙo da laifi a kan wani lebura ɗan gari, labari ya cika Facebook, amma da aka zo gaban kotu hujja ba ta tsaya ba. Baƙon nan ba shi da ƙuri'a, ba shi da dangi a Fagge ko Kurna. Leburan kuwa yana da unguwa guda a bayansa. Alƙalin da saura wata uku a yi zaɓensa, yaya zai yi? Ka ga a misali na farko talaka ne zai sha kashi, a na biyu baƙo ne. Abin da ya haɗa su shi ne a duka biyun hujja ce aka ajiye gefe, ana lissafin wa zai amfane ni. Kuma wanda ya yi murna da an zalunci baƙo yau, ya tuna shi ma baƙo ne a Legas ko Fatakwal, inda 'yan'uwanmu ke neman abinci kuma ba su ne masu yawa ba.

Magabatanmu sun daɗe da hango wannan. Imam Abu Hanifa ya gwammace kurkukun Halifa Mansur da ya karɓi alƙalanci, don gudun kada ya zama mai yanke abin da sarki ke so. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya ƙi ba da muƙami ga waɗanda suka zo suna roƙonsa. Yaya ke nan ga mai bin gida-gida yana cewa ku zaɓe ni in yi muku shari'a? Ya kuma hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi, malamai suka haɗa da duk abin da ke dagula tunani, kamar yunwa da tsoro. To idan fushin alƙali shi kaɗai ya isa a dakata, ina ga fushin gari guda da aka ɗora masa a ka? Lokacin da wata mata daga babban gida a cikin Ƙuraishawa ta yi sata, manyan gari suka so a sassauta, har suka tura Usama ɗan Zaidu ya yi ceto. Annabi (SAW) ya ƙi, ya kuma nuna cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne kyale babba da hukunta ƙarami. Ra'ayin masu faɗa a ji ne a ranar, aka ajiye shi gefe. A nan Kano ma, da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya sauka a wajen 1806, abin da jama'a suka roƙe shi shi ne ya rubuta musu yadda ake mulki da hukunci, ya rubuta Diya'ul Hukkam. Ba su ce ya tambaye su abin da suke so ya mayar doka ba. Ma'auni suka nema wanda zai hau kan kowa, har da su kansu.

Wani zai ce, to malam, sai mu naɗe hannu mu bar alƙalai su yi yadda suka ga dama? A'a. Alƙalin da ba ya tsoron jama'a amma yana rawar jiki idan wayar Gidan Gwamnati ta shigo, bai tsira ba, ubangida kawai ya canza. Mun ga yadda a Mayu 2024, a rikicin masarautar Kano, kotun tarayya da ta jiha suka riƙa ba da umarni masu karo da juna, har Alƙalin Alƙalan Ƙasa ya kira shugabannin kotunan biyu. Irin wannan ne ke sa talaka ya ce shari'a saɓanin hankali, ya koma neman haƙƙinsa da hannunsa.

Jama'a suna da haƙƙi a kan kotu, kuma babba ne. Haƙƙinsu ne a yi shari'a a fili, ƙofa a buɗe. Haƙƙinsu ne su yi ta surutu har a kama wanda ake ɓoyewa, a gurfanar da shi, a daina ɗage zama ba dalili. Haƙƙinsu ne alƙali ya rubuta hujjarsa, a kuma fassara musu ita da harshen da suke ji, domin hukuncin da aka rubuta da Turancin lauyoyi a shafi ɗari biyu, jita-jita ce za ta fassara shi a gari. Haƙƙinsu ne su kai ƙarar alƙalin da ya ci hanci, su kuma ga an hukunta shi. Haƙƙinsu ne su san waɗanda ake shirin naɗawa, kuma a 2025 NJC ta ce za ta riƙa wallafa sunayensu don mai ƙorafi ya kawo, abin da ya kamata mu riƙe da hannu biyu. Idan kuma dokar ce ba ta yi musu ba, ga 'yan majalisa can, su ne aka zaɓa don a matsa musu. Duk wannan nasu ne. Abu ɗaya ne ba nasu ba: amsar tambayar ko wannan mutumin da ke tsaye ya aikata ko bai aikata ba. Wannan ba a ƙirga hannuwa a kanta. Mutum miliyan da ba su ga abin da ya faru ba, ba su kai shaida ɗaya da ya gani ba.

Saura aikinmu, mu masu alƙalami da kyamara. A yawancin finafinanmu da littattafanmu, tun kafin a shiga kotu mai kallo ya riga ya san mugu, ya gan shi yana zuba guba ko yana ƙulla sharri. Aikin alƙali kawai ya buga guduma ya faɗi abin da muke jira, a yi kabbara, a sa waƙa. Mun saba wa mutane cewa alƙalin kirki shi ne wanda ya yarda da su. A rayuwa kuwa ba wanda ya nuna wa alƙali wancan fitowar. Abin da ke gabansa shaidu ne masu mantuwa, da takardu, da mutum biyu kowa na rantsuwa. Shi ya sa aka ce shari'a mace ce mai ciki.

Ina jiran ranar da wani marubuci ko darakta zai ba mu labarin alƙalin da aka kawo masa mutumin da gari ya tsana, wanda shi kansa alƙalin ba ya ƙaunar ganinsa, ga taro a waje ana jifa, ga matarsa na kuka tana cewa ka rufa mana asiri, ya duba fayil ya ga hujja ba ta cika ba, ya sallame shi. Ba lallai 'yan kallo su tafa ba. Amma duk wanda ya taɓa kwana a Goron Dutse ko Kurmawa a kan abin da bai aikata ba zai gane jarumin fim ɗin tun kafin a rubuta sunansa.

Allah Ya ba mu alƙalai masu tsoronSa fiye da tsoronmu, Ya kuma ba mu haƙurin karɓar gaskiya ranar da ta faɗo a kanmu.